Shekarar da Muka Sare Rimi Muka Zauna Jiran Shamuwa

Ina da ƙorafi, kuma tunda na rasa wanda zan kai wa, bari in rubuta shi. Aji uku na yi a firamare na ga ilimin ya ishe ni haka, saboda haka duk wanda ya ga wani harafi ya karkace, ya miƙar da shi da kansa, ni dai na yi nawa.

Ƙorafin nawa a kan shamuwa ne. Bana, tun bazara ba ta gama gasa mu ba, sai ga su sun sauka a kan rimin ƙofar gidana, ba sallama, ba neman izini, suka hau jidar ƙirare suna ginin sheƙa daidai saman dakalin da nake zama. Duk faɗin ƙasar Tudun Wada, har ka ratsa daji ka faɗa Doguwa, ba su ga inda ya dace da bayan gidansu ba sai kan hulata. Na aika aka kira mini jikata Mairo, tunda ita ce shugabar masu rainon dashen bishiya a ƙauyen nan, kuma su suka ja mana wannan, na ce ta zo ta kwashe baƙinta.

"Angona," in ji ta, tana dariya har da riƙe ciki, "wasu sai sun je kasuwa suke samun turare, kai daga sama ake sauko maka da shi, kuma kana ƙorafi?"

"Ke amarya, ki kiyaye ni. In na sake ki babu mai kwasarki da wannan takalmin robar naki na shiga taɓo."

"Sake ni mana. Mu ga wadda za ta auri tsoho mai farar hular dole."

Kun ji irin tarbiyyar da ake samowa a makarantar koyon aikin gandun daji.

Amma tsakanina da ku, ranar da na fara ɗaga kai na ga baƙar tsuntsuwar nan mai farin ƙirji ta saki dogayen ƙafafunta tana laluben reshe, sai da na ce wa 'yan majalisa hayaƙin mai shayi ne ya shige mini ido. Matata Asabe, wadda ƙafa ta hana ta fitowa ko zaure, ranar sai da ta dogara sanda ta zo bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon sama. Sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Baffa." Na ce amin. Mu biyu muka san abin da muka tuna, don rabon shamuwa da ƙauyen nan tun ina da baƙin gemu, tun shekarar da muka sare mata masauki da hannunmu, muka dawo muka zauna muna jiran ta.

Ga yadda aka yi. Daminar da ta gabaci wannan shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ta yi ciki ba ta haihu ba, gero ya fito da kai kamar jelar ɓera. Abin da aka kai rumbu bai kai a kira shi kaka ba. Lokacin ina da 'ya'ya biyu ƙanana, kuma maigidanmu shi ne Baffa Iro, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Dogo ne siriri, idonsa ya fara hazo, amma kunnensa yana jin motsin kiyashi. Yana da doka ɗaya da ya gada, wadda ba a taɓa karya ta a gidanmu ba: ko ruwa ya ci gari, ƙwayar iri ba ta shiga ƙasa sai shamuwa ta sauka a kan rimi.

Rimin nan kuwa ba irin wannan yaron da ke ƙofar gidana ba ne. A tsakiyar gari yake, matafiyi na hango shi tun ƙauyen bai bayyana ba. A cikin saiwoyinsa awaki ke fakewa, a gindinsa ake ɗaurin aure, ake raba gardama, ake cin 'yar kasuwar yamma. Duk shekara shamuwa ke cika kansa da sheƙa, kuma babu yaron da ya isa ya ɗaga danƙo ya nuna su.

Da rani ya tsaya, sai ga masu yankan katako da mota da zarto. Suka ce a ba su rimi su ba da buhunan masara. Dattawa suka zauna shawara, a inuwar rimin kuwa, har da Baffa a sahun gaba. Aka dubi rumbuna, aka dubi yara, aka ce a sare. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na ci tuwon masarar nan har na suɗe hannu. Ranar da ya faɗi ƙasa ta girgiza, kaji suka yi ta kyarkyara, gari ya yi wani irin haske kamar an aske wa mutum kai ba shiri. Sauran manyan itatuwan da ke kewaye dama gatari da masu gawayi sun riga sun yi musu sallama. Babu wanda ya tuna da shamuwa a zaman nan. Ko ɗaya. Mai jin yunwa ba ya tuna baƙon da sai bazara zai zo.

Masarar ba ta kai mu ko'ina ba. Kafin bazara ta yi tsakiya an koma cin abinci sau ɗaya. Da asuba in ɗauki gora da ƙugiya in shiga daji neman ɗorawa, in dawo Asabe ta dama garinta a ruwa a ba yara, bakinsu ya yi rawaya kamar na 'yan tsaki. Da hantsi ita da matan unguwa su tafi tsinkar ɗinkin da duk wani ganyen da akuya ta ci ba ta mutu ba. A dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba a barbaɗa gishiri da haƙuri. Zafi kuwa, ka taka ƙasa da azahar sai ka yi rawar da ba a kaɗa maka ganga ba. Rijiya ta ja baya, guga na dawowa da rabin laka. Dajin ma ya yi tsit, don duk abin da ke motsi an cinye shi. An cinna wa ciyawa wuta saboda gafiya ɗaya, an bi zabin daji har ƙwansu, zomo ya zama labari.

Duk wannan wahalar, akwai abinci a rataye a saman kanmu. Dami uku na iri, biyu na dawa kaura, ɗaya na gero, zangarniyar da Baffa ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, aka rataye su a jinkar madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. A ƙarƙashinsu Asabe ke dafa ganye kullum. Ɗana na fari yakan tsaya ya ɗaga kai yana kallon su baki buɗe, kamar mai kallon wata ranar jajiberin salla. Ita kuma ta juya masa kai da hannu ta ce, "Wannan ba abinci ba ne, baɗi ce a rataye." Ni kaina in zan shiga madafa sai in sunkuyar da kai fiye da yadda ƙofar ke bukata.

Sai ga hadari wata la'asar. Ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe zana da tabarmi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jama'a, ƙanshin ƙasar nan! Na ga tsohuwa ta ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shinshina ta kai baki. Da magariba shinge ya fito, yara suka bi shi da ƙwarya da ruwa, aka soya, ranar kowa ya kwana da maiƙo a leɓe. Gari na wayewa ba ka jin komai sai ƙarar sungumi. Kowane gida ya sauke irinsa ya nufi gona.

Ni ma na ɗauko sungumina na sa a kafaɗa. Baffa na zaune a zaure yana jan carbi.

"Ɗanjuma, ina zuwa?"

"Gona, Baffa. Ƙasa ta sha."

"Ta zo?"

"Wa?"

"Wa kake tsammani? Gwamna?"

Na ce, "Baffa, ai rimin babu shi."

Ya ce, "Na sani, da ni aka sayar. Shamuwa ba ta saɓa alkawari. Za ta zo. Ajiye sungumin nan."

Na ajiye. A zamaninmu ba a ja da maigida, sai dai ka shiga ɗaki ka ja da matashin kai.

Maƙwabcinmu Tanko, wanda muka tashi tare, kuma Allah ya yi masa baki kamar reza, da ya dawo daga shuka ya leƙo zaure, laka har gwiwa. "Sannu da hutawa, mutanen gidan shamuwa. Baffa, ko a rubuta mata wasiƙa ne? Ga Ɗanjuma ɗan boko, aji uku ba wasa ba." Baffa bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Tanko, gaishe da babarka."

Shuka ta tsiro, gonaki suka yi kore shar, tamu kaɗai ta zauna ja kamar tabon ƙuna a tsakiyarsu. In zan je masallaci sai na zagaya ta bayan gari saboda dariya. Sai kuma sama ta washe. Ta washe kamar ba ta taɓa sanin wani abu hadari ba. Rana ta dawo da fushin da ta tara. Tsiron ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da yamma, daga baya ya naɗe bai sake warwarewa ba. Aka fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, aka yi sadakar ɗan abin da ya rage. Kafin Allah ya amsa, shukar gari gaba ɗaya ta zama ƙaiƙayi, ka murza ta a hannu ta bi iska. Kuma yawancin gidaje duk irin da suke da shi ke nan suka zuba.

Nan fa Baffa ya zama babban mutum. Masu dariyar jiya suka dinga zuwa gaisuwa suna durƙusawa tun daga bakin zaure. Ana ta cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Tanko ya ce, "Balle ma rimin mun cinye shi da miyar kuka." Ni kaina na fara tafiya ina buɗa kafaɗa, kamar da shawarata aka yi.

To, daga nan ne wasan ya daina daɗi. Ruwan gaskiya ya sauko. Ba irin na farko mai hayaniya ba, ruwa mai nutsuwa, ya yi yau, ya huta gobe, ya dawo jibi. Kwaɗi suka buɗe makaranta a kududdufi. Tafasa ta rufe bakin hanya. Ko makaho ya taka ƙasar nan ya san ta shuka ce. Unguwa kaf babu iri sai dami ukun da ke rataye a madafar Asabe, kowa ya zuba mana ido, don Baffa ya riga ya yi alkawari zai raba wa kowa. Sai dai fa ba zai sauke ba.

"Ta zo?"

"Ba ta zo ba, Baffa."

"To."

Kaura kuwa dawa ce mai nawa, tana son damina doguwa. Kowace safiya da ta wuce an rage mata kwana, in aka ƙara jinkiri sai ruwa ya ɗauke ta tana da ciki kamar bara. Aka roƙi liman ya sa baki. Ya zo har zaure, aka shimfiɗa masa buzu, ya yi nasiha mai kyau, ya ce ruwa na Allah ne, tsuntsu ba ya kawo shi ba ya hana shi.

Baffa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ma ban ce ita ke kawowa ba. 'Yar aike ce. Kai in aka ce za a aiko maka da saƙo, kakan buɗe shi ne tun ɗan aiken bai iso ba? Kuma da na bi ku wancan karon, da yanzu me za ku zo roƙo?"

Liman ya shafa gemu, ya yi addu'a, ya ɗauki takalmansa.

Da na ga haka na ce bari in yi amfani da bokona. In shamuwa ba ta zo wurinmu ba, ni zan je wurinta. Na ari keken Tanko, wanda birkinsa tafin ƙafa ne, na kama hanyar Doguwa da sassafe, cikina babu komai sai 'ya'yan kaɗanya da na tsinta a hanya. Na ratsa daji, hawa da gangara, gumi har cikin ido. Ban kai ga shiga gari ba na hango su a kan wata ƙatuwar kuka, sun cika ta, har sheƙa sun gama, suna ta kaɗa baki ƙwas ƙwas kamar mata a gidan biki. Na sauka na gaishe su da girmamawa. Na ce, "Bayin Allah, ana can ana jiranku, ku kuna nan kuna hira." Na tsinci gashin fiffike ɗaya a gindin kukar na soke a hula don shaida, na juyo.

Na iso gida da yamma, jama'a suka biyo ni har zaure. Na durƙusa na miƙa wa Baffa gashin. Ya shafa shi, ya kai hanci, ya ce lalle nata ne.

"A ina?"

"Dab da Doguwa, Baffa. Da idona na gan su, sun fi a ƙirga."

Ya miƙo mini abina. "Shamuwar Doguwa, ruwan Doguwa take wa shaida. In kana da gona a can, je ka shuka."

Tanko ya ce, "Innalillahi. Ɗanjuma, ba ni kekena, tun bai ce shi ma na Doguwa ba ne."

Wadda ta motsa al'amarin ita ce Asabe, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Baffa ba, balle ta yi masa magana in ba gaisuwa ba. Ba ta yi masa maganar ba kuwa. Washegari da hantsi, lokacin da ta san yana alwalar walaha a tsakar gida, ta mirgino turmi, gurrr, har ƙofar madafa. Ta wanke shi da ruwa tana buga shi yadda ko na bayan katanga zai ji. Ta jingina taɓarya. Ta ɗauko faifai ta kakkaɓe. Sannan ta kira ɗanmu da murya sama, alhali yana riƙe da zanenta:

"Zo nan, ɗan albarka, daina kuka. Gobe in Allah ya kai mu tuwon kaura za ka ci. Tunda ƙasa ba ta da rabo, ai ciki yana da shi."

Butar Baffa ta tsaya a sama. Ya yi gyaran murya, ya ci gaba da alwalarsa. Ni kuwa na san matata. In ta wanke turmi, to sai an yi daka. Ranar na yini tsakanin mutum biyu da ba sa magana da juna, kowanne na aiko mini da kallo. In aka daka irin nan, mun ƙoshi mako ɗaya mun mutu shekara. In aka bar shi a rataye, mun mutu da abinci a saman kai. Ga unguwa guda na jira.

Da sassafe aka yi yayyafi ya ɗauke. Ina tsugune ina wasa sungumin da ban san ranar amfaninsa ba, sai na ji ihun mata daga bakin rijiya. Na fito da gudu. Ga su nan a sama, wani ɗan garke, sun zo daga kudu, suna kewaya tsakiyar gari daidai inda kan rimi yake a da. Su yi ƙasa kamar za su sauka, su saki ƙafafu, ba abin kamawa, su sake tashi. Su kewayo, su sake. Gari ya fito kaf, kowa ido a sama. Na koma na riƙo hannun Baffa na kawo shi.

"Me suke yi?" in ji shi, yana ƙifta ido sama.

"Suna neman rimi, Baffa."

Na ji hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa.

Sai ɗaya daga ciki, wata tsohuwa da alama, mai taurin kai irin na gidanmu, ta sauko ta dira a kan kututturen. Ta tsaya cak a kan faffaɗan gindin nan da zarto ya bari. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wanda zai yi mata bayani. Babu wanda ya iya. Ta kakkaɓe fiffike ta tashi, sauran suka bi ta, suka yi arewa.

"Ta sauka?" in ji Baffa.

Tanko ya riga kowa. "Wallahi ta sauka, Baffa. A kan rimi. Abin da muka rage mata."

Baffa ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, a hankali, "Mun yi wa baƙuwa rashin kunya." Ya juya ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba: "Ku sauke iri! Me kuke jira, sai an yi muku kiɗa?"

Kai, ranar an ga aiki. Aka sauke dami uku, mata suka haɗu a tsakar gidanmu aka sussuke, turmin da Asabe ta wanke don daka shi ya yi sussukar. Baffa ya zauna da ƙoƙo yana auna wa kowane gida, yana faɗa: "Ƙwaya uku a rami, ba huɗu ba. Wanda ya kai ɗaya baki Allah na ganinsa." Aka yi gayya ba tare da tuwon gayya ba, wadda ban taɓa ganin irinta ba. Maza a gaba a jere muna saran rami, na baya na jefa iri suna rufewa da diddige, a gama gonar wannan a faɗa ta wancan. Ciki babu komai sai ruwan rafi da kwaɗon tafasa, amma ana waƙa, ana tsokanar wanda layinsa ya karkace. Tanko ya ce layina ya yi kama da rubutuna.

Shamuwa kuwa daga ranar ba mu sake ganin ta sauka a garin nan ba sai bana. Baffa ya rasu bai sake jin ƙarar bakinta ba, kuma bai sake tambayar ko ta zo ba. Inda rimi yake ya zama wurin ajiye babura. Muka koma shuka da ka, wani lokaci a dace, wani lokaci sai an yi shuka sau biyu.

Sai 'yan shekarun nan da yaranmu suka tashi da wata sabuwar fitina wai ita kare muhalli. Da farko na ɗauka irin mitin ɗin nan ne da ake raba lemo a watse. Ashe da gaske suke. Suka yi kwamiti, har da makiyayan rugar bakin daji a ciki, suna haɗa kai da ma'aikatan gandun daji. Da kaka su fita su share layi a gefen daji don wuta ta rasa hanyar wucewa. Wanda aka kama ya cinna wa daji wuta don gafiya, ko ya sari ɗanyen itace, ba duka ba zagi, dashe za a ba shi ya yi ta ban ruwa har ya kama, ana wucewa ana yi masa sannu da reno. Suka koya wa mata ginin murhun laka mai cin itace kaɗan. Suka hana mu tumɓuke tohon kaɗanya da ɗorawa a gona, wai a rage masa rassa a bar shi ya girma. Rimin ƙofar gidana yayyen su Mairo ne suka dasa shi yana kamar tsinken sakace, suka kewaye shi da ƙaya, ni kuma na yi ta korar awaki, ba don komai ba, don dai ba na son hayaniyarsu.

Yanzu ga sakamakon da suka ja mana. Zabin daji sun dawo suna tone mini shuka. Zomo ya mayar da gonar wakena gidan surukansa. Birai na zuwa duba masara kafin mai ita. Wani dattijon makiyayi ya rantse mini ya ga sawun gada a bakin rafin da a da yake ƙafewa tun sanyi bai wuce ba, yanzu kuwa yana kai wa bazara da ruwansa. Ranar da shamuwa ta sauka bana, Mairo ta zo da wayarta ta nuna mini wai masu hasashen yanayi sun ce ruwa ya kusa zama. Na ce ta gaishe su, ta ce musu bakinsu ya zo ɗaya da na manya.

Af, na bar ku a gona da sungumi a hannu. Mun shuka a makare, kowa ya sani. Muka yi noman fari da maimai da ƙugu a ɗaure da igiya, ido kullum a gabas. Gero ya fara ceton mu. Ranar da aka gasa tumun farko, ɗana ya ci har ya yi barci da zangarniya a hannu. Kaura kuwa ta yi ciki daidai lokacin da ruwa ya saba sallama, sama ta yi shiru, zukata suka tsaya. Sai Allah ya aiko da wani ruwa na ƙarshe, mai kauri, bayan har an fara cire rai. Kaura ta sha, ta fasa kai, ta sunkuya.

Baffa ya riga ya faɗa tun ranar rabo cewa kyauta ya bayar, kada wanda ya dawo masa da ko ƙwaya. Wa zai ji? Da aka yi girbi, kowane gida ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowacce cika, ya ɗaura dami, ya aiko. Wannan ya shigo da sallama ya ajiye, wancan ya shigo ya ajiye. Tanko ya kawo nasa a kan keke yana buga ƙararrawa tun daga bakin unguwa. Tsakar gida ta cika. Na ce a kai rumbu. Baffa ya ce a'a, iri ne, kuma inda na farko ya kwana ya yi albarka nan waɗannan za su kwana. A rataye su a madafa. Duka.

Na ce, "Baffa, jinkar nan ta tsufa."

Ya ce, "Ni ma na tsufa. Rataya."

Na hau turmi ina karɓa ina ratayawa, Tanko na miƙo mini. Jinka ta fara ƙara, ƙiii, kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Na dubi Baffa, ya nuna mini sauran da sanda. Asabe ta shigo, ta sauke tukunyarta daga murhu, ta kwashe wuta, ta ja yara waje. Ina ɗaura na ƙarshe na diro na fito, ko juyawa ban gama yi ba, sai ji muka yi rugum! Jinka ta zauna a cikin madafa, ƙura da baƙin kunkunniya suka turnuƙe gidan, kaji suka haye katanga. Da ta lafa, sai ga mu tsaye baƙi ƙirin, ido kawai ke haske, ga dawa ja jawur ta tsiyayo ta ƙofa har bakin ƙafar Baffa.

Ba wanda ya yi motsi. Sai Asabe ta gyara ɗaurin kallabinta, ta dubi tukunyar da ke hannunta, don har ranar ba ta yarda ta dubi Baffa ba, ta ce mata:

"Ikon Allah. Duk zaman da yunwa ta yi a madafar nan ba ta kayar da ita ba, ƙoshi ya zo yini ɗaya ya rushe ta."

Baffa ya fara dariya, ya yi ta yi har sanda ta suɓuce masa, sai da muka zaunar da shi a kan dami.